Tambayoyin Masu Karatu: Wa Ke Tsaron Jirgin Yaƙin Da Aka Nutsar Da Gangan?

Tun bayan da muka ba da labarin yadda wasu ƙasashe ke nutsar da tsofaffin jiragen ruwansu na yaƙi da gangan, sannan su keɓe ruwan da ke kewaye da su domin kifaye da masu nutso, wasiƙu ba su daina shigowa wannan fili ba. Mun zaɓi shida daga cikinsu. Akasarin misalan da za mu kawo daga Ostiraliya za su fito, musamman jirgin HMAS Adelaide, domin a kansa ne aka yi jayayya har gaban alƙalai, kuma a kansa ne aka rubuta sharuɗɗan kulawa dalla-dalla.

Tambaya ta farko daga wani mai sana'ar gwangwan ce a kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano. Ya ce: "Assalamu alaikum. Ni da na san darajar kilo ɗaya na ƙarfe, na kasa gane hikimar jefa jirgi sukutum cikin teku. Me ya hana a yanka shi a sayar? Wannan ba almubazzaranci ba ne?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka tana kan hanya, kuma ka sani cewa a can ma akwai masu irin ra'ayinka, waɗanda ke ganin narkar da ƙarfe a sake amfani da shi ya fi zuba shi a ruwa. Mafi yawan jiragen yaƙin da suka tsufa yanka su ake yi. Kaɗan ne ake nutsarwa, kuma ba don a huta da ɗawainiyarsu ba, domin nutsarwar kanta tana cin kuɗi fiye da yadda mutum zai zata. Jirgin Vandenberg da aka nutsar kusa da Key West a jihar Filorida ta Amurka a watan Mayun 2009 ya ci fiye da dala miliyan 8, mafi yawansu wajen tsabtace shi kafin ya taɓa ƙasan teku.

Abin da masu wannan shawara ke lissafawa shi ne cewa ƙarfe sau ɗaya ake sayar da shi, amma wurin nutso shekaru ake yi ana cin moriyarsa. Ƙasan teku a wurare da yawa rairayi ne shimfiɗe, babu dutse, babu lungu, babu inda ƙananan halittu za su manne. Idan aka ajiye wani abu mai tauri kuma mai tsayi a irin wannan fili, tsirrai da ƙananan dabbobin ruwa sukan lulluɓe shi cikin watanni, kifaye su biyo su, masu nutso kuma su biyo kifayen, su kwana a masaukin gari, su ci abinci, su yi hayar kwale-kwale da tukwanen iska.

Shi HMAS Adelaide an ƙera shi ne a birnin Seattle na Amurka, ya shiga aikin rundunar sojojin ruwan Ostiraliya a 1980, aka sallame shi a farkon 2008. Tsawonsa mita 138. Mutanen ƙasar suna tunawa da shi saboda a watan Janairun 1997 shi ne ya je can kudancin teku mai tsananin sanyi ya ceto matuƙan tsere biyu, Tony Bullimore da Thierry Dubois, bayan jiragensu sun kife. Gwamnatin tarayya ta ba jihar New South Wales kyautarsa, aka nutsar da shi ranar 13 ga Afrilu, 2011, ƙasa da kilomita 2 daga gaɓar Avoca da ke arewa da birnin Sidni, a zurfin kimanin mita 32. A ranar sai da aka jinkirta fiye da awa guda saboda wani garken dolfin, wato wasu manyan dabbobin teku masu kama da kifi, ya shigo wurin, ba a kunna nakiyoyin da za su huda jirgin ba sai da suka fice. Bayan nan cikin 'yan mintuna ruwa ya haɗiye shi.

A ganina, Alhaji, ko almubazzaranci ne ko ba shi ba ne, ba a ranar nutsarwa ake ganewa ba. Ana ganewa ne bayan shekara goma ko ashirin, idan aka duba ko akwai wanda ke ci gaba da kula da wurin.

Wata malamar asibiti daga Gusau ta rubuto cewa: "Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaranmu a 2010, hankalinmu ba ya kwanciya da jin an binne wani abu an ce ba komai. Jirgin yaƙi cike yake da mai da fenti da wayoyi. Wa ke tabbatar da cewa ba guba ake shayar da kifaye ba?"

Malama, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuma kiyaye gaba. Damuwarki ita ce ainihin abin da ya tsayar da nutsar da Adelaide har fiye da shekara guda. An tsara za a yi aikin ne a watan Maris na 2010, sai wata ƙungiyar mazauna yankin mai suna No Ship Action Group ta garzaya kotun da ke sauraron ƙorafi kan hukunce-hukuncen gwamnati, tana cewa ba a gama tsabtace jirgin ba. A watan Satumba na wannan shekarar kotun ta yarda a nutsar da shi, amma da sharaɗin a ƙara cire ragowar wayoyin lantarki da kayan da aka naɗe bututu da bango da su, a kuma kankare jan fenti mai dalma a duk inda ya fara ɓarewa. Mutane da yawa sun ji haushin wannan jinkiri a lokacin, amma ni ina ganin masu ƙarar sun yi wa tekun aiki, domin jirgin da ya sauka a 2011 ya fi wanda aka so saukarwa a 2010 tsabta.

A dokar duniya ba a jefa jirgi cikin teku haka kawai. Akwai Yarjejeniyar Landan ta 1972 kan zubar da shara a teku, da ƙarin da aka yi mata a 1996, ita kuma Ostiraliya tana da nata doka ta 1981 wadda ta wajabta neman izinin gwamnatin tarayya. Kafin a ba da izini sai an zuƙe mai da bakin mai, an wanke tankuna, an fitar da batura da makamai da duk abin da zai iya ɓallewa ya yi yawo a kan ruwa. Abin da ya fi ba da wahala shi ne sinadarin PCB, wanda a da ake sa shi cikin rufin wayoyi da fenti da robobin toshe mahaɗar bututu. Ba ya ruɓewa da wuri, yana taruwa a cikin kitsen kifi, ƙaramin kifi ya miƙa wa babba, babba ya miƙa wa wanda ya ci shi.

Misalin da ake yawan kawowa shi ne Oriskany, wani katafaren jirgi mai ɗaukar jiragen sama, tsawonsa kimanin mita 270, wanda Amurka ta nutsar daura da Pensacola a watan Mayun 2006. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta yarda a bar kimanin kilo 300 na PCB a cikinsa, bisa hujjar cewa cire shi gaba ɗaya zai yi wuya. Da aka riƙa kama kifi a wurin ana aunawa, sai aka ga sinadarin ya ƙaru a jikin wasu kifaye a shekarun farko, daga baya ya ragu. Abin lura a nan shi ne da ba a ci gaba da awon ba, da babu wanda zai san ya hau, balle a san ya sauka.

Akwai kuma wata shaida da ido ke gani. A Ingila, an nutsar da HMS Scylla a mashigin Whitsand kusa da Plymouth ranar 27 ga Maris, 2004. An bar wani fenti a ƙasan jikinsa mai ɗauke da sinadarin TBT, wanda aikinsa shi ne hana halittu mannewa a jikin jirgi. Masana da suka bi diddigin wurin shekara biyar sun ƙirga nau'o'in halittu fiye da 250 a kansa, amma sassan da ke da wannan fenti sun daɗe kusan fayau, kamar gonar da aka zuba wa gishiri, alhali ɗan taku kaɗan daga wurin komai ya lulluɓe. Don haka izinin da aka ba Adelaide ya zo da wajabcin sa ido na dogon lokaci: a riƙa ɗebo laka daga kewayensa ana duba yawan ƙarafa a cikinta, a riƙa ƙirga halittun da suka zauna a kansa, a kuma riƙa duba lafiyar ginin jirgin kansa.

Wasiƙa ta uku ta wani masunci ce daga Yawuri. Ya ce: "An ce kifi na taruwa a wurin, an kuma ce an hana su. To amfanin me kifin zai yi? Kuma a tsakiyar teku, inda babu katanga babu ƙofa, wa zai hana ni jefa koma da daddare?"

Malam, kai da kake makwabtaka da Argungu ka fi ni sanin amsar rabin farko na tambayarka. A Matan Fada ba a barin kowa ya yi su sai lokacin biki, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaye a kan wannan doka, kuma saboda haka ne ake fito da manyan giwan ruwa ranar da aka buɗe. Da an bar wurin a sake duk shekara, da babu abin da za a nuna wa baƙi. Bambancin shi ne a gandun teku irin na Adelaide babu ranar buɗewa ko kaɗan, domin abin da ake sayarwa a wurin kallon kifi ne, ba namansa ba, kuma kifin da mutum ɗari za su biya kuɗi su kalla, mutum ɗaya ne zai ci shi idan aka kama.

Akwai wani dalili mafi zurfi, wanda masana kimiyyar teku suka daɗe suna muhawara a kansa. Shin irin wannan jirgi yana ƙara yawan kifi ne, ko kuwa yana tattaro waɗanda da ma suke warwatse ne zuwa wuri guda? Idan yana samar da abinci da maɓoya har ƙananan kifayen da da sun mutu suka rayu, to an samu ƙari. Idan kuwa tattarowa kawai yake yi, sannan aka bar masunta su zo, to an sauƙaƙa musu kwashe kifin yankin ne gaba ɗaya, kamar wanda ya watsa tsaba a tsakar gida ya ɗana tarko. Amsar tana bambanta daga wani nau'in kifi zuwa wani, daga wani wuri zuwa wani. Tunda haka ne, hana su a kewayen jirgin shi ne matakin da ba ya cutarwa ko wanne ɓangare ya zama gaskiya.

Dalili na uku ya shafi rayukan mutane. Zaren fatsa da ƙugiya da koma sukan maƙale a jikin jirgin su zauna. A Scylla an taɓa samun wata babbar koma da ta naɗe wani sashe na jirgin, ta ci gaba da kama kifaye da sauran halittu ba mai ita, sai da masu nutso suka yi aiki mai haɗari kafin su yanke ta. Mai nutso da irin wannan zare ya harɗe masa ƙafa ko tukunyar iska a zurfin mita 25 yana cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai.

Sai batun tsaro, kuma a nan ne ka taɓo inda ke da ƙaiƙayi. Gandun da ke kewaye da irin wannan jirgi ba shi da faɗi, 'yan ɗaruruwan mitoci ne a kowace kusurwa, an sa shi a taswirar matuƙa, an kuma kafa alamomi masu yawo a kan ruwa. Ba a yarda kowa ya jefa anga a ciki ba, domin anga tana fasa jikin jirgin, tana tumɓuke abin da ya tsiro a kansa, tana kuma iya faɗo wa wanda ke ƙasa. Maimakon haka hukuma takan kafa turakun ɗauri na dindindin: wani nauyi a ƙasan teku, sarƙa ko igiya mai ƙarfi, da wani abu kamar gora a sama wanda kwale-kwale zai ɗaure a jikinsa. Waɗannan turaku su ne ƙofar da ka ce babu. Idan guda shida aka kafa, to kwale-kwale shida ne kawai za su iya tsayawa a lokaci guda, kuma ta haka ake ƙayyade yawan mutanen da ke ƙasa ba tare da an sa mai gadi ba. A wurin HMAS Brisbane, wanda aka nutsar daura da Mooloolaba a jihar Queensland ranar 31 ga Yuli, 2005, hukumar kula da gandun daji ta jihar ce ke riƙe da wurin, kuma ba a shiga sai da takardar izini da lokacin da aka ware wa mutum. Kamfanonin da ke kai masu nutso suna da lasisinsu, masu zuwa da kwale-kwalensu kuma suna neman nasu izinin.

Da daddare fa? Gaskiya ita ce babu hukumar da ke iya ajiye jami'i a kan ruwa dare da rana. Jami'an kula da su suna sintiri lokaci-lokaci, akwai tara ga wanda aka kama, amma idon da ya fi aiki shi ne na masu kai mutane nutso, waɗanda kusan kullum suna wurin, sun san kwale-kwalen da ba na nan ba, kuma abincinsu ya dogara ga kifin ya zauna. Su ne ke ganin sabon zare a jikin jirgi da safe su kai rahoto. Abin da nake ganin ya fi muhimmanci shi ne a zauna da masuntan yankin tun kafin a zaɓi wurin, a kauce wa inda suka saba samun abincinsu, domin mutumin da aka ƙwace wa wurin sana'a ba tare da shawara ba ba zai ga laifin komawa da duhu ba, kuma dokar da makwabtanta ba su yarda da ita ba tana da tsadar tsaro.

Kuɗin izinin da ake karɓa kuwa ya kamata ya koma wurin, domin sarƙa tana cinyewa, alamomi suna tsinkewa, masu binciken ƙarƙashin ruwa kuma ba kyauta suke aiki ba. A nan ne wurare da dama ke tuntuɓe: ana samun kuɗin bikin nutsarwa cikin sauƙi saboda kowa na son a gan shi a hoton, amma kuɗin canja sarƙa a shekara ta goma sha biyu ba shi da mai rububi.

Wani ɗalibi daga Damagaram ya tambaya: "Tunda an shirya jirgin musamman domin masu nutso, an huda masa ƙofofi, ashe ba shi da haɗari ke nan? Ko wanda ya iya iyo zai iya zuwa?"

Ɗan'uwa, iya iyo daban, nutso da tukunyar iska daban. Duk mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danne jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 30 ya zama ninki huɗu, wanda ke nufin iskar tukunyarsa tana ƙarewa da saurin ninki huɗu, kuma iskar naitirojin tana shiga jininsa da yawa. Wannan iska takan sa wasu su ji kamar maye a zurfi, tunaninsu ya yi nauyi. Idan kuma mutum ya daɗe, sannan ya taso da gaggawa, takan yi kumfa a cikin jini da gaɓoɓi kamar lemon kwalba da aka buɗe bayan an girgiza, abin da kan kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. Shi ya sa a mita 30 mai nutso na nishaɗi ba ya wuce kimanin minti 20, kuma idan zai fito yakan tsaya minti 3 a mita 5 kafin ya kai sama. Takardar shaidar koyon nutso ta matakin farko mita 18 kawai ta yarje wa mai ita, don haka ƙasan Adelaide ba na sabon shiga ba ne, kuma masu kula da wurin suna da haƙƙin su nemi ganin takarda kafin su ɗauki mutum.

Gaskiya ne ana yanka manyan ƙofofi a jikin jirgin, ana cire ƙyamare, ana toshe ɗakunan da ba su da mafita ta biyu, da nufin duk inda mutum yake ya hango haske. Amma ka kwatanta kanka a cikin wani siririn lungu na jirgin bayan shekara goma a ruwa. Laka mai laushi kamar garin fulawa ta kwanta a ƙasa da kan kowane bututu. Ƙafarka ta buga sau ɗaya ba daidai ba, ko kumfar numfashinka ta kaɗo tsatsa daga rufi, sai wurin ya turnuƙe, fitilar hannunka ba ta nuna maka komai sai hazo, ba ka ganin tafin hannunka, sama kuma rufin ƙarfe ne, ba ruwa ba. Wanda bai shiga da zaren jagora ba, a nan yake rasa hanyar fita, agogon iskarsa kuma yana tafiya. A watan Maris na 2007 mutum uku sun mutu a cikin jirgin Spiegel Grove a Filorida. A Scylla mutum biyu sun mutu a 2007, wasu biyu kuma a watan Satumba na 2021, duk da cewa tun shekaru kafin nan masu kula da wurin sun shawarci jama'a su daina shiga cikinsa su tsaya a waje. Duka jiragen biyu an shirya su ne musamman domin masu nutso.

Daga Kumasi wata baiwar Allah ta yi tambaya a taƙaice: "Ba kaburbura ba ne waɗannan jiragen? Ya halatta a mai da su wurin shaƙatawa?"

Hajiya, a nan akwai rarrabewa. Jiragen da muke magana a kansu babu kowa a ciki aka nutsar da su, bayan sun gama aiki an kwashe komai. Waɗanda aka nutsar a fagen yaƙi da mutane a ciki hukuncinsu daban ne. HMS Royal Oak, wanda jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbe a Scapa Flow da ke arewacin Sikotland a watan Oktoba na 1939, ya tafi da mutum fiye da 800, kuma dokar Birtaniya ta 1986 ta hana nutso a kansa sai da izini na musamman. Sojojin ruwa ne ke sauka duk shekara su sabunta tutar da ke jikinsa. Abin baƙin ciki shi ne irin waɗannan kaburbura ma ba su tsira ba, domin a tekun Java da gaɓar Malesiya ɓarayin ƙarfe sun yayyanka wasu jiragen Yaƙin Duniya na Biyu sun kwashe. Su kuwa jiragen da aka nutsar da gangan, tsofaffin sojojin da suka yi aiki a cikinsu sukan halarci ranar, da yawansu kuma sun fi son haka a kan su ga an yanka shi. A Brisbane an cire ɗakin tuƙinsa tun kafin nutsarwa, yana nan a ajiye a gidan tunawa da yaƙi na ƙasa a Canberra.

Tambaya ta ƙarshe daga wani direban tirela ce da ke lodi a Apapa, Legas. Ya ce: "Ga matattun jirage nan birjik a bakin ruwan Legas suna tsatsa. Me zai hana a ce su ma gandun kifi ne a huta? Kuma shi wanda aka nutsar ɗin, har abada zai zauna?"

Malam, jirgin da aka yasar da wanda aka nutsar bisa tsari ba su haɗa komai ba sai suna. Wanda aka yasar yana nan da mansa da fentinsa, yana inda igiyar ruwa ta jefa shi, sau da yawa a kan hanyar wasu jiragen ko a bakin gaɓa inda yake karkatar da rairayi ya jawo zaizayar ƙasa. Wanda aka tsara kuwa sai an auna ƙasan wurin an tabbatar rairayi ne mai iya riƙe shi, ba a kan wani dutsen da ke da halittunsa ba, sai an bar isasshen ruwa a samansa domin masu wucewa, an kuma fuskantar da goshinsa ga inda manyan igiyoyi ke fitowa. Sannan sai ruwan wurin ya kasance garau yadda za a ga abin da aka zo gani, da asibiti mai ɗakin matsin iska a kusa domin wanda ya taso da gaggawa. Canja wa matattun jirage suna ba ya samar da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma maganinsu shi ne a cire su.

Ko da an yi komai bisa tsari, teku ba ta bin takarda. Spiegel Grove ya nutse kafin lokacin da aka shirya a watan Mayun 2002, ya kife da goshinsa a waje, sai da aka kashe ƙarin kuɗi aka kwantar da shi a gefe guda, sannan a watan Yulin 2005 guguwar Dennis ta tashe shi tsaye. HMAS Tobruk da aka nutsar a Queensland a 2018 a kan gefensa ya kwanta maimakon ya zauna daidai. Oriskany ya ƙara nutsewa da kimanin mita 3 bayan guguwar Gustav a 2008, abin da ya sa filin saukar jiragensa ya ƙara nisa daga inda masu nutso na nishaɗi ke iya kaiwa. A watan Maris na 2025 guguwar Alfred ta yi wa saman Brisbane ɓarna, aka dakatar da nutso har sai da aka duba shi.

Game da dawwama kuwa, a'a, ba ya dawwama. Jirage irin Adelaide gangar jikinsu ƙarfe ce, ginin samansu kuma alminiyam, kuma idan waɗannan biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa da sauri, musamman a mahaɗarsu. Saboda haka ginin sama ne ke fara tsagewa, bango ya ɓalle, rufi ya rufto, ƙofar da aka yanka domin fita ta toshe, wani sabon rami mai kaifi kuma ya buɗe inda ba a shirya ba. Aikin mai kula da wurin yana canjawa tare da jirgin. A shekarun farko yana ƙirga baƙi da kifaye. Daga baya yakan koma aika masu bincike bayan kowace babbar guguwa, su auna kaurin ƙarfe, su ɗauki hoton tsagu, su kwatanta da na bara, su cire abin da ke lilo, su sabunta taswirar da ake nuna wa masu nutso kafin su sauka. Wata rana kuma dole ya yanke hukuncin da kamfanonin nutso ba za su so ba, ya rufe wani ɗaki, sannan wani bene, daga ƙarshe ya ce kowa ya tsaya a waje, kamar yadda aka shawarta a Scylla bayan kimanin shekara goma da nutsar da shi. Kifaye da sauran halittu za su ci gaba da zama a kan tarin ƙarfen ko bayan ya rushe, don haka dokar hana su da hana jefa anga tana nan daram, sai dai kuɗin izinin da ake biyan masu sintiri da shi zai ragu a daidai lokacin da aikin dubawa ya ƙaru, kuma wannan giɓin ya kamata a rubuta wanda zai cike shi tun a takardar izinin farko.